Shin Ko Kun San? Naira da Sefa, Daga Zamanin Wuri Zuwa Yau

Shin ko kun san cewa a shekarar 1980 mai naira uku a aljihu ya fi mai jika ɗaya ta sefa kuɗi? Jika a bakin 'yan kasuwar Nijar ita ce sefa 1,000. A farashin gwamnati na wannan shekara, dalar Amurka ɗaya kwabo 55 ce a Legas, a Yamai kuwa tana wajen sefa 211. In aka buga lissafi, naira ɗaya ta haura sefa 380, jika ɗaya kuma ba ta wuce naira 2 da kwabo 60 ba. A 2024, lokacin da dala ta kai wajen naira 1,500, sefa kuma tana wajen 600 a kan dala, sai an ajiye kimanin naira 2,500 kafin a ɗauki wannan jikar. Ninki kusan dubu ke nan cikin shekara 44.

Wani zai ce, to ina ruwan mutumin Danko da sefa? Danko tana can kudu maso gabashin jihar Kebbi, a masarautar Zuru, ta fi kusa da Zamfara da jihar Neja a kan kowace iyakar ƙasa. Kafin mutum ya isa Kamba da ke bakin iyaka sai ya ratsa jihar tun daga wannan gefe har wancan. Amma shin ko kun san Kebbi ce kaɗai jihar da ta yi iyaka da Nijar da Benin a lokaci guda, kuma dukkansu sefa suke kashewa? Dawa da masara da geron da ake aunawa a Danko da Ribah da Bena da Maga ba duka ake cinye su a ƙasar Zuru ba. Buhu yana hawa mota, ya sauka a wata kasuwa, ya sake hawa wata motar, wani har ya tsallaka Gaya ko Birnin Konni a Nijar. Dillalin da ke taya hatsi a bakin sikeli ya san nawa jika ta kwana. Manomin da ya noma hatsin ne galibi bai sani ba, kuma wannan rashin sanin yana cin kuɗinsa.

Shin ko kun san duk ƙasashen da suka kewaye Najeriya ta tudu, Benin da Nijar da Chadi da Kamaru, sefa ce kuɗinsu? Sai dai sefar iri biyu ce. Ta Nijar da Benin tana fitowa daga babban bankin BCEAO mai hedikwata a Dakar, ta Chadi da Kamaru kuma daga bankin BEAC da ke Yawunde. Darajarsu ɗaya daidai wa daida, amma ba a sayayya da ta Kamaru a kasuwar Maraɗi.

Mu koma baya. Shin ko kun san akwai lokacin da Kano da Katsina da Sakkwato da Maraɗi da Damagaram duk kuɗi ɗaya suke ƙirgawa, ba ɗan canji a tsakaninsu? Wuri ne kuɗin. Ba a tekunmu ake samunsa ba; daga tsibiran Maldibs na tekun Indiya ake kwaso shi. Baturen Jamus Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa wuri 2,500 ake ba da wa a kan riyal ɗaya na azurfa, irin mai hoton sarauniya Mariya Teresa ta Ostiriya. Shi wannan riyal, ko a wace shekara aka buga shi bayan rasuwarta, 1780 ake rubutawa a jikinsa. Daga tsakiyar ƙarni na 19 kamfanonin Jamus na birnin Hambag suka fara jigilar wani wurin mai araha daga Zanzibar zuwa gaɓar Afirka ta Yamma, jirgi bayan jirgi. Wuri ya yi yawa, darajarsa ta zube, har ya zama ɗaukar kuɗin zuwa kasuwa mai nisa yana cinye wani kaso na kuɗin. Faɗuwar darajar kuɗi saboda yawansa ya fi kayan da za a saya ta girmi naira da fiye da shekara ɗari.

Shin ko kun san a ƙasar Zuru akwai babban lamarin rayuwa da ba wuri ba ne ma'auninsa? A al'adar golmo ta Lelna, waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari, saurayi da tsararrakinsa suna yi wa surukansa noma damina bayan damina, galibi har shekara bakwai, kafin a ba shi mata. Ƙarfin damtse da cikar rumbu su ne arzikin da ake dubawa. Harajin Bature ne ya tilasta wa kowa neman sule, domin da ƙarfe ake son a biya. Aikin soja, wanda mutanen Zuru suka yi suna a kansa tun zamanin mulkin mallaka, shi ma ya shigo da albashi ƙauyuka.

Shin ko kun san a 1912 Ingila ta kafa hukumar kuɗi guda ɗaya don Najeriya da Gwalkwas, wato Ghana ta yau, da Saliyo da Gambiya? Fam ɗinta daidai yake da fam na Landan. Fam ɗaya sule 20, sule ɗaya kwabo 12. Dattawan Danko har yau suna tuna anini mai huda a tsaka, da ɗari, da kwabo, da taro, da sisi. Mai fataucin goro da ya tashi daga Kumasi zuwa Sakkwato kuɗi ɗaya yake riƙewa a farkon tafiya da ƙarshenta.

A ɗaya gefen iyakar kuma, shin ko kun san ranar haihuwar sefa? 26 ga Disamba, 1945. Faransa ta fito daga Yaƙin Duniya na Biyu kuɗinta ya raunana, sai ta ware wa yankunan da take mulka a Afirka nasu kuɗin. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, a ranar farko sefa ta fi kuɗin Faransa daraja: sefa ɗaya faran 1.70, a 1948 kuma ta koma faran 2. Da Faransa ta yanke sifili biyu daga kuɗinta a 1960, lissafin ya zama sefa 50 a kan sabon faran ɗaya. Daga 1948 har zuwa farkon 1994, fiye da shekara 45, wannan ma'auni bai motsa ba ko sau ɗaya.

Shin ko kun san a 1960, shekarar da Nijar ta sami 'yanci ranar 3 ga Agusta, Najeriya kuma ranar 1 ga Oktoba, fam ɗaya na Najeriya ya kai kimanin sefa 690? Babban Bankin Najeriya ya fara aiki ne ranar 1 ga Yuli, 1959, kuma ya fitar da fam na ƙasar. A Nuwamba 1967 Ingila ta karya darajar fam ɗinta daga dala 2.80 zuwa 2.40. Najeriya, tana tsakiyar yaƙin basasa, ta ƙi bin ta, fam ɗin Legas ya wayi gari ya fi na Landan. A Janairu 1968 gwamnatin Gowon ta canza takardun kuɗi don ta kashe waɗanda ke hannun 'yan Biyafara. Da Faransa ta karya nata kuɗin a Agusta 1969, sefa ta bi ta ba tare da an tambayi kowa a Yamai ba, fam na Najeriya ya kai wajen sefa 780.

Naira ta zo ranar 1 ga Janairu, 1973. Naira biyu fam ɗaya, naira ɗaya sule goma, sulen da ke da kwabo 12 ya koma kwabo 10. Cif Obafemi Awolowo, wanda ya riƙe ma'aikatar kuɗi lokacin yaƙi, shi ake jingina wa raɗa sunan.

Shin ko kun san ɗan Najeriya na farko da hotonsa ya hau kuɗi shi ne Janar Murtala Muhammed, a kan naira 20 da aka fitar a Fabrairu 1977? A farashin gwamnati na 1980, Murtala ɗaya ta haura jika bakwai ta sefa.

Nan ne ya kamata a tsaya a fahimci abin da ya faru, domin a nan tarihin ya juya. Ƙarfin naira na shekarun 1970 ƙarfin man fetur ne. Gangar mai ta haura dala 30 a 1980, daloli suna shigowa, gwamnati ta ɗaure naira a sama. Gyaɗa da auduga da fata, waɗanda Arewa ke samo kuɗin waje da su, aka yi musu riƙon sakainar kashi, domin shigo da kaya daga waje ya fi noma su araha. Da farashin mai ya fara sauka, gwamnati ta ci gaba da rubuta tsohon farashi a takarda, kasuwa kuwa ta kama gabanta. A 1985 lissafin gwamnati yana nuna naira ɗaya ta kai wajen sefa 500, amma babu ɗan canjin da zai ba ka ko kusa da haka a Illela ko Jibiya ko Kamba. Tun daga lokacin farashi biyu ya zauna mana: na banki, wanda sai mai hanya ke samu, da na 'yan canji, wanda talaka ke rayuwa a kansa.

Shin ko kun san abin da ya sa 'yan kasuwar Kano ke neman sefa ido rufe a waɗannan shekaru? Naira ba ta canzuwa a bankunan ƙasashen waje. Sefa kuwa, saboda lamunin baitulmalin Faransa, ana iya ɗaukar takardarta zuwa Turai a mayar da ita faran. Sai ta zama ƙofar samun kuɗin waje. Shanu da wake da albasa suna gangarowa daga Nijar, fetur da taki da hatsi da kayan masana'antun Kano suna haurawa, sefa kuma tana taruwa a hannun 'yan canjin Wapa a Fagge. Alhazan Maraɗi sun yi arziki mai yawa a wannan hada-hada. A Agusta 1993 aka toshe ƙofar: bankunan sefa suka daina karɓar takardunsu da aka fitar waje da yankin.

Shin ko kun san a Afrilu 1984 gwamnatin Janar Buhari ta sauya launin takardun naira, ta ba da kwanaki kaɗan a canza, ta kuma rufe iyakoki don kada nairar da ke waje ta dawo? 'Yan kasuwar Maraɗi da Konni da Gaya da ke ajiye da naira sun tafka asara. Iyakar ba ta buɗe ba sai Maris 1986.

A wannan shekara ta 1986 gangar mai ta faɗi ƙasa da dala 15. Gwamnatin Janar Babangida ta shigo da shirin SAP na gyaran tattalin arziki, a watan Satumba aka fara gwanjon dala. Zuwa 1987 dala ta kai naira 4, naira ɗaya ta sauko wajen sefa 75. Zuwa 1993 dala tana naira 22 a farashin gwamnati, naira ɗaya ta koma wajen sefa 13.

Sefa ma ta sha nata dukan. Shin ko kun san a dare ɗaya aka raba darajarta biyu? Ranar 11 ga Janairu, 1994, a Dakar, wata guda bayan rasuwar shugaba Houphouët-Boigny na Kwaddibuwa wanda ya daɗe yana adawa da matakin, aka sanar cewa daga washegari faran ɗaya na Faransa sefa 100 ne maimakon 50. Shugaban asusun IMF Michel Camdessus da ministan Faransa Michel Roussin suna wurin. A Nijar, lokacin Mahamane Ousmane ke mulki, magani da duk kayan da ake shigowa da su daga Turai suka yi tashin gwauron zabo, ma'aikata suka ji a jikinsu. Makiyaya kuwa sun ɗan sami sauƙi, domin shanunsu sun yi araha ga mai saye da naira. Amma naira ba ta riƙe wannan rata ba. Gwamnatin Abacha ta ɗaure dala a naira 22 a takarda har 1998, a kasuwa kuma tana haura naira 80. A farashin kasuwa na tsakiyar shekarun 1990 naira ɗaya ba ta wuce sefa 6 ba.

Shin ko kun san faran ɗin Faransa, wanda aka ɗaure sefa a jikinsa, ya daina yawo tun 2002, amma sefa tana nan? Tun 1 ga Janairu, 1999 aka mayar da ɗaurin kan yuro: yuro ɗaya sefa 655.957. Wannan adadi bai canza ba har yau. Saboda haka duk wanda ya sayi sefa a Kamba, a zahiri wani yanki na yuro ya saya. Abin da ke hawa da sauka a tebur ɗin ɗan canji galibi naira ce.

Ga yadda jika ta riƙa tafiya, in an bi ta kan dala a farashin gwamnati: wajen naira 140 a 2000, wajen 265 a 2008, wajen 320 a 2014. Mai ya sake faɗuwa daga sama da dala 100 a tsakiyar 2014 zuwa wajen 30 a farkon 2016, aka saki naira a Yuni 2016. Ranar 14 ga Yuni, 2023, makonni biyu bayan cire tallafin fetur, aka sake sakinta, dala ta tashi daga wajen naira 460 zuwa sama da 700 cikin kwanaki. A kasuwar 'yan canji sefa ta riga ta kamo naira tun kafin nan. Bayan wannan ta wuce ta har a farashin gwamnati.

Shin ko kun san da aka fitar da takardar naira 1,000 a Oktoba 2005, mai hoton Aliyu Mai-Bornu da Clement Isong, ta kai kimanin sefa 4,000? A 2024 ta koma wajen sefa 400. Babbar takardarmu ba ta kai ƙaramar takardarsu ta sefa 500 ba, babbar tasu ta 10,000 kuma ta kai wajen naira 25,000. A Nijar har yanzu ana sayayya da silalla, ana ƙirgawa da dala, wato sefa biyar-biyar, dala ashirin ita ce sefa 100. A nan kuwa yaron da aka haifa bayan 2010 da wuya in ya taɓa sayen alewa da kwabo.

Shin ko kun san a jikin kowace takardar sefa ta BCEAO akwai harafin da ke nuna ƙasar da aka fitar da ita? Nijar H, Benin B, Kwaddibuwa A, Burkina Faso C, Mali D, Senegal K, Togo T, Gini Bisau S.

Shin ko kun san a Agusta 2007 gwamnan Babban Banki Charles Soludo ya sanar da shirin yanke sifili biyu daga naira, shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya dakatar da shi? Ghana ta yanke sifili huɗu daga sidi a Yulin wannan shekara. A 2007 ɗin ne kuma aka cire rubutun ajami daga naira 5 zuwa 50. Yana nan a kan 200 da 500 da 1,000.

A farkon 2023, bayan an sauya fasalin naira 200 da 500 da 1,000, tsabar kuɗi ta ɓace, mutanen wasu garuruwan iyaka a Sakkwato da Katsina sun koma ciniki da sefa a cikin ƙasarsu. Wannan abu ya kamata ya dami duk mai kishin Najeriya.

Kada dai a ɗauka sefa kuɗin aljanna ce. Tsayuwarta tana da farashi. Shekaru da yawa ƙasashenta suna ajiye wani kaso na kuɗin wajensu a baitulmalin Faransa, kashi 65 cikin ɗari daga 1973, kashi 50 daga 2005, sai a Disamba 2019 shugaba Alassane Ouattara na Kwaddibuwa da shugaba Emmanuel Macron na Faransa suka sanar a Abijan cewa za a daina a yankin BCEAO, ɗaurin yuro kuwa yana nan. Gini ta fice daga yankin sefa tun 1960, Muritaniya a 1973, Mali ta fita a 1962 ta dawo a 1984. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023 da ya kawar da shugaba Mohamed Bazoum, an rufe wa gwamnatin Nijar asusunta a bankin da ke buga mata kuɗi, mutane suka yi ta layi a bankuna, sai a Fabrairu 2024 aka ɗage takunkumin. Nijar da Mali da Burkina Faso sun bar ECOWAS a Janairu 2025, amma har yanzu sefa suke kashewa. Kuma duk da tsayuwar kuɗinta, Nijar tana cikin ƙasashe mafiya talauci a duniya. A ganina, kuɗi mai tsayuwa yana kare ɗan abin da talaka ya tara, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya ga hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari a Najeriya a ƙarshen 2024. Amma tsayuwar ba ta noma, ba ta gina masana'anta. Mu da muke da ikon buga namu kuɗin, laifinmu shi ne mun jingina shi a kan mai kaɗai, muka kuma bar farashi biyu yana azurta masu hanya shekara da shekaru.

Shin ko kun san a farkon 2024, da naira ta yi ƙasa sosai, jami'an kwastam sun riƙa tare motocin hatsi da ke nufar iyakar Nijar? Mai sefa a lokacin yana ganin masararmu kamar kyauta. Manomin da ya sayar da kaka da wuri bai ci wannan riba ba, wanda ya saya ya ɓoye ne ya ci, shi kuma manomin ya dawo da bazara yana sayen abincin gidansa da tsada. Takin zamani da maganin feshi da kayan gyaran babur, duk farashinsu yana bin canji.

ECOWAS ta sa 2027 a matsayin shekarar fara kuɗin bai-ɗaya mai suna Eco, bayan an ɗaga ranar sau da yawa.

Kafin nan, kira ga gidajen rediyon da ake saurare a ƙasar Zuru da ƙungiyoyin manoma na Danko da Wasagu: duk ranar da za ku faɗi farashin buhun dawa da masara, ku haɗa da farashin jikar sefa a Kamba da Illela. Kai kuma ɗan'uwa manomi, kafin ka buɗe rumbu ka ba dillali, ka tambayi nawa jika ta kwana.